iPhone, Samsung ko Tecno: wacce ce ke yarda a gyara ta a kasuwa?

Sassa uku ne suka fi kai waya teburin mai gyara: sikirin, batir da bakin caji. Sikirin faɗuwa ɗaya ta ishe shi. Batir yana fara gajiya bayan shekara biyu zuwa uku, a ƙasar zafi ma yakan riga haka. Bakin caji kuwa ƙura da gumi da cusa kebul dare da rana ne suke cinye shi. Babu wayar da ta tsira daga waɗannan ukun, mai tsada da mai araha. Inda suke bambanta shi ne ranar da abin ya faru: wa zai iya canza sashin, a ina zai samo shi, kuma idan ya saka, wayar za ta karɓa ko za ta yi masa tawaye? Mai saye yakan tsaya kan kyamara da girman ma'ajiya, alhali amsar waɗannan tambayoyin ce za ta nuna abin da wayar za ta ci masa a shekara ukun da ke tafe.

Ta hanyoyi huɗu kamfanoni suke tare wa mai gyara hanya, kuma uku daga ciki kasuwa ta daɗe da gano maganinsu. Akwai sukuru na musamman: tun zamanin iPhone 4 Apple ya koma ɗaure gindin wayarsa da sukuru biyu masu kai kamar fure mai ganye biyar, daga iPhone 7 kuma ya cika cikinta da masu baki uku. Yau sukudirebansu suna kan teburin kowane yaron shago. Akwai gam, wanda zafin digiri 70 zuwa 80 da ɗigon sifirit suke sassautawa. Akwai ƙin sayar wa masu gyara kaya da ɓoye zanen injin waya, to amma kasuwar Huaqiangbei da ke Shenzhen ta cike wannan giɓin. Daga can kaya suke zuwa Computer Village a Ikeja, da Banex a Abuja, da Farm Centre da titin Beirut a Kano, zanen injin ma masu gyara suna samunsa a manhajojin da suke biya wa kuɗi shekara-shekara.

Ta huɗun ce gagara-badau, wato ɗaura wa sashi aure da injin waya. A jikin sikirin ko batir ko kyamara akwai ɗan ƙaramin aisi, wato ƙwayar lantarki, mai ɗauke da lamba, kuma tun a masana'anta an rubuta wannan lambar a cikin injin. Duk sanda aka kunna wayar, injin yana duba ko lambar da ya sani ce. Idan ba ita ba ce, ko dai ya fito da gargaɗi ko ya kashe wani aiki gaba ɗaya. Ingancin sashin bai shigo ciki ba. Ka sayi sababbin wayoyi biyu iri ɗaya a kwali, ka musanya musu sikirin, duka biyun za su iya yin ƙorafi duk da cewa babu jabu ko ɗaya a ciki. A kan wannan ma'aunin ya kamata a auna wayoyin, tare da tambayar ko kayan suna samuwa a kusa.

iPhone: jiki mai sauƙin buɗewa, manhaja mai kishi

Idan ƙarfe da gilashi kaɗai za a duba, iPhone tana cikin wayoyin da suka fi daɗin aiki. A yawancin samfuran da ke yawo a kasuwa, sikirin ne abu na farko da yake fita: a kwance sukuru biyu, a ɗumama gefe, a ɗaga. Batirinta yana zaune kan gam mai zare wanda ake ja ya fito. Kuma saboda samfuranta ba su da yawa, kowanne ana sayar da shi da miliyoyi, kayan gyaranta sun fi na kowace waya yawa da daɗewa a kasuwa. Sikirin iPhone 7 ta 2016 har gobe ba ya wahalar samu.

Matsalar tana cikin manhaja, kuma a hankali ta riƙa ƙaruwa. Ta faro daga iPhone 5s a 2013, lokacin da aka ɗaure maɓallin zanen yatsa da inji. A farkon 2016 ta fito fili da abin da aka sani da Error 53: masu iPhone 6 da aka canza wa maɓalli a waje suna sabunta manhaja sai wayar ta mutu murus. Apple ya nemi afuwa ya fitar da gyara, amma a 2018 kotun tarayya a Ostareliya ta ci shi tarar dalar ƙasar miliyan 9 a kan lamarin. Daga iPhone 8 da X, canza sikirin yana ɓatar da True Tone, aikin da ke daidaita launin fuskar waya da hasken ɗaki. Daga XS da XR, batirin da ba a ɗaura masa aure ba yana sa a daina nuna lafiyar batir. A iPhone 11 aka ƙara gargaɗin sikirin, a 12 aka ƙara na kyamara. A 13 abin ya kai ga canza sikirin yana kashe Face ID, wato buɗe waya da fuska, sai da surutu ya yi yawa aka janye wannan a manhajar iOS 15.2 a ƙarshen 2021. Wannan ɗabi'ar ce ta sa iFixit, kamfanin da ke ba wayoyi maki kan sauƙin gyara, ya rage wa iPhone 14 maki daga 7 zuwa 4 cikin 10 a 2023, bayan shi da kansa ya yaba ƙirarta.

Masu gyara ba su naɗe hannu ba, kuma sanin dabarunsu yana da amfani ga mai waya, domin kowace dabara tana da inda take cizo.

True Tone ita ce mai sauƙi. Akwai 'yar na'ura, irin ta JCID ko QianLi, da ake jona wa tsohon sikirin ta kwashi bayanansa, a jona sabon ta zuba masa. Aikin minti biyu ne. Sharaɗin shi ne tsohon sikirin na asali yana nan, ko da ya farfashe. Idan wani mai gyara a baya ya canza bai kwafa ba kuma ya jefar da tsohon, sai an bi ta kwamfuta, kuma ba kullum ake dacewa ba.

Batir ya fi haɗari. Don kada gargaɗi ya fito, ana yanke ɗan allon da ke kan tsohon batirin, wanda yake ɗauke da lambar, a liƙa shi a kan sabon ƙwan batir da na'urar walda mai ɗigo. Wanda ba shi da na'urar sai ya ɗauki ƙarfen dalma, zafin ya ratsa cikin ƙwan, bayan wata biyu batirin ya kumbura ya ɗago sikirin. Ɗan allon kuma yana tuna shekarun tsohon batir, shi ya sa ake ƙara wani siririn fileks, wato lallausar wayar lantarki mai faɗi, da ke mayar da lissafin sabo. Nan ne ƙofar ha'inci ta buɗe: fileks ɗin nan zai iya sa gajiyayyen batir ya nuna kashi 100 ba tare da an canza komai ba. Kullen da aka ce an yi shi don kare mai saye shi ne ya haifar da kasuwar yi wa lamba kwalliya. Wayar da ta shekara huɗu a duniya, tana nuna lafiyar batir 100, babu tarihin canji, abin tuhuma ce.

Gargaɗin sikirin ana kawar da shi ne ta ɗage aisin tsohon sikirin da bulowa, na'urar hura iska mai zafi, a dasa shi a sabo. Aisin yana zaune a kan fileks, dab da gilashin da ba ya son zafi. Hannun da bai ƙware ba zai ƙona sabon sikirin tun kafin a ɗaura shi. Ga mafi yawan mutane wannan aikin bai cancanci kuɗinsa ba, tunda gargaɗin ba ya hana sikirin aiki, bayan 'yan kwanaki ma yana komawa cikin Settings ya zauna.

Abin da ba ya yafiya shi ne Face ID. Daga iPhone X zuwa 12, ɗaya daga cikin sassansa yana jikin fileks ɗin sifikar kunne, wadda ke ɗaure a bayan sikirin. Dole a ciro wannan fileks a mayar da shi kan sabon sikirin. An liƙa shi da gam, siriri ne kamar takarda. Idan aka fizge shi ba a ɗumama ba ya yage, Face ID ya tafi, na wata waya kuma ba zai yi ba. Haka maɓallin iPhone 7 da 8: na kasuwa zai iya mayar da kai baya, amma zanen yatsa ba zai dawo ba. Wani kuskuren da ke yage fileks tun a matakin farko shi ne buɗewa ta gefen da ba shi ba, domin daga iPhone 12 an juya gefen da sikirin yake buɗewa, saɓanin yadda yake daga 7 zuwa 11. Sannan akwai ɓarnar dogon sukuru: tsayinsu ya bambanta da ɗan abin da ido ba ya gani, idan aka ɗaura dogo a ramin gajere sai ya huda hanyoyin lantarkin da ke cikin inji. Mai gyaran da yake zuba sukuru duka a murfin kwalba ɗaya, ba ya jera su yadda ya ciro su, ka karɓi wayarka ka ƙara gaba.

Daga iOS 18, wadda ta fito a Satumbar 2024, an sassauta. True Tone yana iya aiki da sikirin kasuwa, ana nuna lafiyar batirin kasuwa tare da bayanin cewa Apple bai tabbatar da lambar ba, kuma daga iPhone 12 zuwa sama wayar tana iya daidaita sashin asali da aka ciro daga wata iPhone da kanta, muddin akwai intanet, ta rubuta shi a matsayin wanda aka taɓa amfani da shi. Amma an ba da dama an karɓe da hagu. Kullen iCloud, wato asusun Apple na mai waya, yanzu yana bin sassa. Idan sikirin ya fito daga wayar da mai ita bai cire asusunsa ba, ko aka sa ta a jerin ɓatattu, ba za a yarda a daidaita shi ba sai da asusun wancan mutumin. Dalilin a bayyane yake, a rage wa ɓarayi kasuwa. Sai dai kasuwar da ta dogara da kayan da ake kira folo-kom, waɗanda akasari daga matattun wayoyi ake ciro su, ita ma abin ya shafe ta. Ga kuma wani abin lura ga mai sayen 'yar hannu: iPhone 8 da X sun tsaya a iOS 16, saboda haka wannan sassaucin bai iso gare su ba.

Gilashin baya shi ma labari ne. Daga iPhone 8 zuwa 13 an manne shi da gam mai taurin kai, sai da injin leza ake ƙone gam ɗin sannan a kankare gilashin gutsure-gutsure, ana kaffa-kaffa da naɗin cajin da ke ƙarƙashi da fileks ɗin fitila. A iPhone 14 da 14 Plus aka mayar da shi mai cirewa shi kaɗai. A iPhone 16 da 16 Plus an kawo gam ɗin batir da ke saki idan aka jona masa lantarkin bolt 9 na kamar minti ɗaya da rabi. Shirin da Apple ya buɗe a Amurka a 2022 na sayar wa mutane kaya su gyara da kansu kuwa, har da hayar akwatunan kayan aiki masu nauyin kusan kilo 36 a kan dala 49 na mako guda, bai shafi mai waya a Kano ko Maraɗi ba.

Samsung: kulle kaɗan, tsada a sikirin

Samsung ba ya fito maka da gargaɗi don ka canza batir ko sikirin. Wannan babban sauƙi ne. Ta baya ake shiga: a ɗumama murfin, a zare shi, a kwance sukuru na yau da kullum. Bakin caji a yawancin samfuran yana kan ɗan ƙaramin allo na daban a ƙasa, wanda ake cirewa a saka wani cikin mintuna. Sai dai wannan ɗan allon yana ɗauke da makirfon, hanyar eriya ma ta kansa take bi, shi ya sa na kwafi yakan kawo raunin sabis, ko cajin sauri ya ɓace, ko a riƙa cewa ba a jin ka. Idan allon asali lafiyarsa ƙalau, bakin ne kawai ya ci, gara a sauya bakin shi kaɗai da bulowa a bar allon.

Inda Samsung yake kama mutum shi ne farashin sikirin. Shi ne babban mai ƙera sikirin AMOLED, wani nau'in OLED, sikirin da ke ba da haske da kansa ba tare da fitila a bayansa ba, kuma nasa na asali yana zuwa haɗe da firam, wani lokaci har da batir. A jerin S, musamman masu lanƙwasasshen gefe, canza sikirin wayar da ta shekara uku yakan kusanci kuɗin sayen irinta 'yar hannu. Masu naɗewa ba a ma maganarsu. Wannan haɗa batir da sikirin a dunƙule, da tsadar kaya, da taƙaita wa shago guda sassa bakwai kacal cikin wata uku, suna cikin dalilan da iFixit ya bayar lokacin da ya raba gari da Samsung a 2024, shekara biyu bayan sun fara sayar da kayan gyara tare. A daidai lokacin ne kuma aka fallasa wata yarjejeniya da ke buƙatar shagunan da Samsung ke sayar wa kaya a Amurka su riƙa miƙa masa bayanan abokan cinikinsu, su kuma wargaza wayar da suka samu da kayan da ba nasa ba. Rashin gargaɗi a fuskar waya bai nuna kamfanin yana maraba da mai gyara ba.

Wurin zanen yatsa shi ne abin dubawa kafin a biya kuɗi. A irin su A51, A52 da A54, na'urar tana ƙarƙashin sikirin, tana hango yatsa ta cikin gilashin. Sikirin kwafi mai araha na LCD yana da fitila da faranti a bayansa, ba a gani ta cikinsa, don haka zanen yatsa ya mutu ke nan. Ko na OLED aka saka, sau da yawa sai an sake daidaita na'urar kafin ta karɓi yatsa. A A14 da A15 kuwa zanen yatsa yana jikin maɓallin gefe, babu ruwansa da sikirin. Wannan ɗan bambancin ya isa ya sa mai yawan yar da waya ya zaɓi ta biyun.

Kada a sayi sikirin Samsung da sunan waya, da lambarta ake saye. A14 tana zuwa a matsayin A145 da A146, kowacce da harafin ƙarshe daban-daban, kuma ba duka sikirinsu ke shiga juna ba. A gefen manhaja Samsung ya yi nisa: jerin S24 na 2024 an yi musu alkawarin sabuntawa na shekara bakwai, A16 kuma shida. Waya mai irin wannan tsawon rai za ta ci batir biyu ko uku, kuma batirin tsofaffin samfura an manne shi ba zaren ja. Sifirit ake ɗiga masa a jira ya saki. Mai gaggawa da ya sa ƙarfe ya banƙare shi yana iya huda shi, hudajjen batir mai caji kuwa wuta yake kamawa.

Tecno, Infinix da itel

Ukun nan na kamfani ɗaya ne, Transsion na Shenzhen, kuma suna da abin da sauran ba su da shi a wannan yanki: cibiyar gyara ta kamfani, Carlcare, da ke da rassa a manyan garuruwa, inda ake samun kayan asali ba tare da an jira jirgi ba. Ƙananan samfuransu, irin su Spark da Pop da Hot da Smart, LCD ne, murfin roba, sukuru na gama-gari, zanen yatsa a gefe ko a baya, babu ɗaurin aure a sikirin ko batir. Idan tambayar ita ce wace waya ce za ta fashe da safe a gyara ta kafin azahar da kuɗin da ba zai hana cefane ba, amsar tana nan.

Rauninsu biyu ne. Na farko yawan samfura. Kowace shekara ana fitar da sababbi da yawa masu sunaye kusa da juna, ɗan kasuwa kuma ba zai ajiye kayan samfurin da ya daina tafiya ba. Bayan shekara uku ko huɗu na asali yakan ƙare, a bar ka da kwafi mai dishi-dishi a rana, wanda taɓawarsa ke rikicewa idan an sa caji. Na biyu gajeren ran manhaja: na ƙasa-ƙasa wasu ba sa samun sabon Android ko sau ɗaya, na tsakiya ɗaya ko biyu. Kuma su ma suna da nasu kullen, a wajen filashin, wato sake zuba wa waya manhaja. Sababbin injinan kamfanin MediaTek da ake sawa a wayoyin nan ba sa karɓar manhaja sai da fayil ɗin izini, kamar yadda Xiaomi ma yake neman asusu mai izini kafin a farfaɗo da wayar da ta mutu a manhaja. Mai gyara yakan sayi wannan izinin ta intanet, kuɗin ya hau kan mai waya. Manyan samfuransu na Camon da Note da suka koma AMOLED da zanen yatsa a cikin sikirin sun gaji ciwon Samsung sak.

Google Pixel da Fairphone su ne zakaru a takarda. Google yana sayar da kayan asali ta hannun iFixit tun 2022, ya buɗe manhajar daidaita zanen yatsa ga kowa, daga Pixel 8 kuma ya yi alkawarin shekara bakwai. Fairphone 5 ta ƙasar Holan da farce ake cire batirinta, sikirin kuma da sukudireba ɗaya. Amma haƙƙin gyara ba ya amfanar wanda kayan gyaran suke wata nahiya. Mai Pixel a Zariya yakan jira mako biyu ko fiye kafin sikirin ya iso, Fairphone kuwa da wuya a sami wanda ya taɓa buɗe ta.

Dokokin can da abin da ke isowa nan

Sassaucin da aka gani a iOS 18 ba daga sama ya faɗo ba. Faransa ta tilasta manna makin sauƙin gyara a jikin wayoyi a Janairun 2021. Dokar jihar New York ta fara aiki a ƙarshen 2023. Ta Kalifoniya, daga Yulin 2024, ta wajabta samar da kaya da bayanan gyara na shekara bakwai ga na'urar da ta kai dala 100. Oregon ce ta fara haramta amfani da ɗaurin aure wajen hana gyara, a dokar da aka sa wa hannu a Maris 2024, haramcin kuma ya shafi na'urorin da aka ƙera daga 2025. Tarayyar Turai kuma daga 20 ga Yunin 2025 ta shar'anta cewa kayan gyaran waya su ci gaba da samuwa shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin, sabunta manhaja aƙalla shekara biyar, batir kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa.

Babu ɗaya daga cikinsu da mai waya a Katsina ko Damagaram zai kai ƙara da ita. Abin da ke isowa shi ne inuwarsu. Kamfani ba ya ƙera wa Turai iPhone daban ya ƙera wa Afirka daban, don haka sauyin ƙira da na manhaja kowa yana samu, wayoyin hannu na biyu da ake kawowa daga can ma suna zuwa da shi. Wayar da aka ƙera musamman don kasuwar Afirka, ba a sayar da ita a Turai, babu abin da ya tilasta mata bin waɗannan sharuɗɗa.

To wacce za a ɗauka?

Wanda wayarsa kayan sana'a ce, ɗan acaba ko mai POS ko 'yar kasuwar da ke karɓar oda, wanda kwana ɗaya babu waya asara ce, ƙaramar Tecno ko Infinix mai LCD, ko Samsung ta jerin A mai zanen yatsa a gefe, ita ta fi dacewa da shi. Tsakanin biyun, mai niyyar canza waya bayan shekara biyu ya ɗauki ta farko, mai son ya riƙe shekara huɗu ko biyar ya ƙara kuɗi ya ɗauki Samsung saboda manhaja. Mai son iPhone 'yar hannu, gara ya fara daga 12 zuwa sama idan aljihu ya yarda, in bai kai ba XR da 11 suna da fa'ida guda: sikirinsu LCD ne tun asali, don haka na kasuwa bai yi nisa da na kamfani ba kamar yadda yake a masu OLED. Babbar Samsung mai lanƙwasa ko mai naɗewa kuwa ta wanda zai iya biyan sikirinta ba tare da ya ci bashi ba ce. Kafin a biya kuɗin kowace waya, a taka zuwa layin masu kayan gyara a tambayi kuɗin sikirinta na asali da na kwafi. Idan na asali ya haura sulusin kuɗin wayar, a san da me ake shiga.

A iPhone 'yar hannu, a shiga Settings, General, About. Idan an taɓa canza wani sashi, tarihinsa yana nan, da alamar ko na asali ne ko wanda ba a sani ba. A danne sandar haske a ga ko True Tone yana nan, a saita Face ID da fuskar mai saye a wurin, a tabbatar an fita daga iCloud a gaban ido. A Samsung, danna *#0*# yana buɗe gwajin launuka da taɓawa da sifika. A duk wayar Android a sa mai sayarwa ya cire asusun Google kafin a goge ta, a kuma tabbatar ba wayar biya-kaɗan-kaɗan ba ce da ba a gama biya ba, domin irin wannan kullen yana dawowa da zarar ta hau intanet, ko an yi filashin.

Ranar canza sikirin, matakai ne ake sayarwa da suna ɗaya. Na ƙasa shi ne LCD da aka ƙera don ya maye gurbin OLED: ya fi kauri, baƙinsa toka-toka ne, yana shan batir, kuma a wayoyin da ke sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa da yawansu a 60 suke tsayawa. Sama da shi OLED mai tauri, launi mai kyau amma saurin fashewa daga ciki ko gilashin waje bai tsage ba. Sai OLED mai laushi, wanda ya fi kusa da na asali. Sai na asali da aka sake wa gilashi, sai folo-kom. Idan hoton wayar lafiya lau yake, taɓawa na aiki ko'ina, gilashin sama ne kawai ya tsage, ba a buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Ana yanke gilashin da siririyar waya a kan faranti mai zafi, a goge tsohon gam, a shimfiɗa sabon gam na OCA, a danne a injin matsi, a cire kumfa. Mutum ya tsira da sikirinsa na asali da lambarsa, babu gargaɗi, babu asarar True Tone. Haɗarinsa shi ne OLED yana iya mutuwa a wajen yankan, saboda haka a yi magana tun farko kan wanda zai ɗauki asara.

A kan teburin, batir ya kasance ƙasa da kashi 25 kafin a buɗe. A cire jonin batir kafin a taɓa na sikirin, in ba haka ba tartsatsi ɗaya yana ƙona layin fitilar sikirin a inji, a fita da waya mai ƙara babu hoto. A gwada sabon sikirin a jone kafin a sa gam, a ja yatsa lungu-lungu, a duba ko fuska tana mutuwa idan an kara a kunne. Samsung yana da yanayin gyara da ke ɓoye hotuna da saƙonni, Pixel ma haka, saboda haka ba dole ba ne a miƙa lambar sirri. Wayar da har yanzu take cikin garanti, cibiyar kamfani za a fara kai ta, tunda buɗewa a waje yakan ba su hujjar ƙin karɓa. Tsohon sikirin na mai waya ne, ya karɓi abinsa ya ajiye, musamman na iPhone, domin bayanan da ke jikinsa za su iya yin amfani a gyara na gaba. Idan da gam ɗin kwalba irin B-7000 aka rufe, a bar robobin da aka ɗaure ta da su na wasu sa'o'i, kuma daga ranar a ɗauka kariyar ruwan da wayar ta zo da ita ta tafi, ko da an saka sabon zaren gam a kewayen firam.